TARIHI: Man Ray, mai zanen da ya mayar da kurakuran ɗakin wankin hoto sana'a

A watan Mayun 2022, kamfanin gwanjo na Christie's da ke New York ya sayar da wani hoto mai baƙi da fari a kan dala miliyan 12.4, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya a kan hoto guda a wajen gwanjo. Sunan hoton Le Violon d'Ingres, an kuma ɗauke shi a shekarar 1924. Mutumin da ya ɗauke shi, Man Ray, ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana fafutikar a san shi a matsayin mai zanen fenti. Kyamara a wurinsa hanyar neman abinci ce, amma ita ce ta ɗaukaka sunansa, musamman saboda irin dabarun da ya riƙa tsinta daga abubuwan da sauran masu hoto ke ɗauka ɓarna ce.

An haife shi ranar 27 ga Agusta, 1890, a birnin Philadelphia na Amurka, aka raɗa masa suna Emmanuel Radnitzky. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha. Mahaifinsa tela ne, kuma bayan iyalin sun koma unguwar Brooklyn ta New York a 1897, 'ya'yan gidan sun taso ne suna taya shi aikin ɗinki. A 1912 iyalin suka taƙaita sunansu zuwa Ray don kauce wa ƙyamar da ake nuna wa Yahudawa a lokacin, shi kuma ya gutsure sunansa na yanka ya zama Man. Daga nan ya daina son a tona asalinsa, sai dai kayan shagon tela ba su rabu da ayyukansa ba: allura, zare, dutsen guga da keken ɗinki sun yi ta bayyana a cikinsu har tsufansa.

Da ya gama sakandare an ba shi tallafin karatun zanen gine-gine, ya ƙi karɓa, ya zaɓi zanen fenti. Ya riƙa zuwa gidan baje kolin zane na Alfred Stieglitz da ake kira 291, ya kuma halarci babban bajen kolin Armory na 1913, inda ya ga sabon salon zanen Turai ido da ido. A 1915 ya yi bajen kolin farko na zane-zanensa shi kaɗai, a shekarar ce kuma ya haɗu da Bafaranshen nan Marcel Duchamp, wanda ya zama amininsa har mutuwa ta raba. A daidai wannan lokaci ya sayi kyamara, domin yana buƙatar hotunan zane-zanensa da zai ba 'yan jarida da masu saye, kuma aikin ƙwararrun masu hoto bai gamsar da shi ba.

Ba a jima ba ya fara wasa da ita. A 1920 ya girke kyamara a kan wani babban gilashi da Duchamp ke aiki a kansa, wanda ƙura ta yi watanni tana taruwa a bisansa. Ya bar idon kyamarar a buɗe, suka fita cin abinci, suka dawo ya rufe. Abin da ya fito ya yi kama da faffadan fili da aka hango daga jirgin sama, alhali ƙurar ɗaki ce kawai.

A watan Yulin 1921 ya sauka a Paris, inda Duchamp ya gabatar da shi ga 'yan ƙungiyar Dada, wasu matasan marubuta da masu zane da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa suka yi wa tsofaffin ƙa'idojin fasaha tawaye. Bajen kolinsa na farko a birnin bai kawo ciniki ba. Dole ta sa ya koma ɗaukar hotunan zane-zanen abokansa da fuskokinsu, da kuma tufafin da shahararren mai tsara sutura Paul Poiret ke fitarwa.

Yana cikin wanke irin waɗannan hotuna a ɗakinsa na otel ne ya faɗa kan dabarar da ta fi kowace fito da shi. A yadda ya bayar da labarin a littafin tarihin rayuwarsa, wata takardar hoto da haske bai taɓa ba ta shige cikin tiren ruwan wanki bisa kuskure. Da ya ga babu abin da ya fito a jikinta, sai ya ɗora mata mazurarin gilashi da kofin awo da ma'aunin zafi, ya kunna fitila. Nan take siffofin kayan suka bayyana farare a kan baƙin fili.

Dalilin haka a fili yake. Takardar hoto tana shafe ne da ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Duk inda haske ya sauka, ruwan wanki yakan mayar da wurin baƙi. Inda wani abu ya tare hasken, wurin yakan zauna fari, abu mai shara-shara kamar gilashi kuwa yakan bar toka-toka mai hawa-hawa. Ba a buƙatar kyamara ko fim, kuma kowace takarda ita kaɗai ce irinta, tunda babu negatif da za a sake bugawa daga gare shi. Man Ray ya riƙa motsa fitilar, yana ɗaga kayan sama da takardar don inuwarsu ta yi laushi, yana haskawa sau biyu ko uku bayan ya sauya musu wuri. Ya laƙaba wa hotunan suna rayogiraf, daga sunansa, kuma a 1922 ya fitar da guda 12 a wani kundi mai suna Les Champs délicieux, wanda jagoran Dada, Tristan Tzara, ya rubuta wa gabatarwa.

Ba shi ne ya fara wannan hanya ba. Baturen Ingila William Henry Fox Talbot ya riga ya ɗora ganyaye da leshi a kan takarda mai jin haske tun shekarun 1830, Anna Atkins ta fara fitar da littafin hotunan ciyayin teku ta wannan hanya a 1843, sannan Bajamushe Christian Schad ya yi irinta kafin Man Ray da 'yan shekaru. Na farkon biyu sun nemi ainihin siffar abu ne saboda ilimi. Man Ray kuwa ya nemi ya ɓatar da kamannin abin, har mai kallo ya kasa gane mataji ko mabuɗin da ya saba gani kullum.

Haka ta faru da hoton wata hamshaƙiyar Italiya, Luisa Casati, a 1922. Hasken ɗakin ya yi ƙaranci, ita kuma ta ƙi tsayawa cik, sai hoton ya fito dishi-dishi da idanu jere a kan juna. Shi ya ɗauka aikin ya lalace, amma ita ta nace a ba ta, ta kuma sa aka buga mata da yawa ta rarraba. Wannan ne ya buɗe masa ƙofar gidajen masu hannu da shuni na Paris.

A 1923 ya kai dabarar rayogiraf kan fim na majigi. Tzara ya nemi ya kawo fim don wani taron Dada, lokaci kuma ya ƙure. Man Ray ya yanyanka ɗanyen fim a cikin duhu, ya shimfiɗa a tebur, ya barbaɗa wa wani gishiri da masoro, ya watsa wa wani allurai da ƙananan ƙusoshi, ya kunna fitila na ɗan lokaci kaɗan, ya wanke. Da aka haska shi a bango, gishirin ya zama guguwar ɗigo-ɗigo, alluran suka riƙa gilmawa suna rawa. Fim ɗin, Le Retour à la raison, bai wuce kimanin minti uku ba.

Shekara guda bayan haka ya ɗauki hoton bayan masoyiyarsa Alice Prin, wadda aka fi sani da Kiki de Montparnasse, ya ɗora masa siffar ramuka biyu irin na jikin gogen Turawa. Shi ne hoton da aka yi gwanjonsa a 2022. A 1926 kuma ya ɗauke ta ta kwantar da kai kusa da wata baƙar fuskar katako mai salon sassaƙar ƙabilar Baule ta Kwaddibuwa, ya kuma buga shi iri biyu, ɗaya daidai, ɗaya a juye, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.

Dabara ta biyu da ake dangantawa da shi ta zo ne bayan Ba'amurkiya Lee Miller ta zama ɗalibarsa kuma abokiyar aikinsa a 1929. A ruwayarta, wani abu ne ya bi ta kan ƙafarta a ɗakin duhu, ta firgita ta kunna fitila alhali negatif na cikin ruwan wanki. Maimakon ya zubar, Man Ray ya tsoma shi a ruwan da ke tsayar da hoto. Haske na biyu ya sa wuraren da ba su riga sun yi duhu ba suka fara yi, amma a kan iyakar haske da duhu wani siririn layi ya rage, wanda ya fito baƙi a takarda kamar an zagaye mutum da alƙalami. Masana sun san wannan tun ƙarni na 19, da sunan Bafaranshe Armand Sabatier, sai dai a matsayin illa. Man Ray da Miller suka yi ta gwaji da ƙarfin fitila da tsawon daƙiƙoƙi har suka iya sarrafa ta yadda suke so. Shekaru da dama sunansa kaɗai ake ambata a kan dabarar, kafin masana tarihi su fara ba Miller nata kason. Ba ita kaɗai ta fito daga ɗakin aikinsa ba: Berenice Abbott da Bill Brandt duk sun yi masa hidima kafin su shahara.

A shekarun 1930 mujallar Harper's Bazaar ta riƙa buga hotunan suturar da yake ɗauka da waɗannan dabaru, kuɗi suka samu, amma zanen da yake so ya ci gaba da zama a baya. Da sojojin Jamus suka mamaye Paris a 1940, ya tsere zuwa Amurka ya bar akasarin ayyukansa. Ya zauna a Los Angeles, ya rage ɗaukar hoto ya duƙufa kan fenti, ya kuma auri Juliet Browner a 1946. Amurkawa ba su rungumi zanen nasa yadda ya yi fata ba, don haka a 1951 ya koma Paris. A 1963 ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Self Portrait.

Man Ray ya rasu a Paris ranar 18 ga Nuwamba, 1976, yana da shekara 86, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse, unguwar da ya yi ƙuruciyar sana'arsa. Manyan gidajen tarihi na ajiye da zane-zanensa, amma hotunan ne suka fi jan masu kallo da masu saye. Har yau, a makarantun da ake koyar da wankin hoto, darasin farko da ake yawan ba ɗalibi shi ne ya ɗora mabuɗi ko ganye a kan takarda, ya kunna fitila na 'yan daƙiƙoƙi, ya tsoma ta a ruwan wanki ya ga abin da zai fito.