Alhassan Ɗantata: Daga Asusu Zuwa Dalar Gyaɗa

Yau tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata za mu duba, don ku ga yadda ƙaramin jari yake girma idan ya sami tattali da amana.

An haife shi a Bebeji, ƙasar Kano, a shekarar 1877, cikin Agalawa fatake. Yana ƙarami mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa Amarya kuma ta tafi kasuwanci Ankara ta ƙasar Ghana. Sai riƙonsa ya koma hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo sunansa. A hannunta ya saba da ajiya. Yana almajiranci yana 'yan ayyuka, abin da ya samu ya ci kaɗan, saura ya jefa asusu.

Da ya girma sai ya shiga fataucin goro tsakanin Kurmi da Kano. Bayan jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja. A 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa.

To, ga inda darasin yake. Alhaji bai rungume kuɗinsa ba. Yakan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa, su dawo a yi lissafi. Jinginarsu ita ce gaskiyarsu, kuma da yawa ta haka suka tsaya da ƙafafunsu. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955.

Ba wa marar jingina rance bisa amana shi ne tushen bankin Grameen da Muhammad Yunus ya kafa a Bangaladash a 1983 saboda talakawan karkara, galibinsu mata.

Ke uwargida ta Kankiya ko Kusada mai ƙuli-ƙuli ko daddawa, adashinki shi ne bankinki. Ranar kwasa, kada anko da biki su lashe shi. Ki sayi gyaɗa da kaka tana araha, ki raba uwar kuɗi da riba. Idan an ranta miki, ki biya kan lokaci, domin in kin saɓa, kin toshe ƙofar 'yar'uwarki da ke jiran nata. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa taya iyayenku rubuta lissafi.

Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.