Tarihin Sarauniya Victoria ta Ingila

Da dama daga cikin al'adun da aka san gidan sarautar Birtaniya da su, kama daga fitowa barandar fadar Buckingham domin gaida jama'a har zuwa yadda ake rakiyar gawar sarki, sun samo asali ne daga zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta shafe shekaru 63 da watanni bakwai a kan gado.

Sai dai kuma ita ce sarauniyar da ta taɓa ƙaurace wa idon jama'a, har wasu 'yan ƙasar suka fara kiran a soke sarautar baki ɗaya.

Hawa gadon sarauta

An haifi Victoria a fadar Kensington da ke birnin Landan ranar 24 ga watan Mayun 1819. Mahaifinta ya rasu tun ba ta cika shekara guda ba.

Tana da shekaru 18 da haihuwa ta gaji baffanta, Sarki William na Huɗu, a watan Yunin 1837, aka kuma yi bikin ɗora mata kambi a majami'ar Westminster bayan shekara ɗaya. Ita ce ta fara mayar da fadar Buckingham mazaunin mai sarautar ƙasar.

A shekarar 1840 ta yi auren zumunci da ɗan kawunta, Yarima Albert, wanda Bajamushe ne, suka kuma haifi 'ya'ya tara.

Tare da shi ta riƙa buɗe taruka da ziyartar garuruwan masana'antu. A lokacin gagarumin baje kolin da Albert ya jagoranci shiryawa a 1851 ne ta fito barandar fadar ta gaida jama'a, abin da daga bisani ya zama al'ada.

Shekarun makoki

Yarima Albert ya rasu a watan Disambar 1861 yana da shekaru 42. Daga ranar Sarauniyar ta sanya baƙaƙen tufafin makoki, ba ta kuma daina ba har ƙarshen rayuwarta.

Ta koma zama a Windsor da Balmoral da Osborne, nesa da Landan. Ko da yake ta ci gaba da duba takardun gwamnati da ganawa da ministoci, ba ta sake halartar bikin buɗe majalisar dokoki da kanta ba sai a 1866.

A wancan lokaci ikon gudanar da mulki ya riga ya koma hannun majalisa da Firayim Minista, saboda haka babban abin da talakawa suke gani na aikin sarauta shi ne fitowarta bainar jama'a. Da hakan ya yi ƙaranci, sai aka fara tambayar amfanin kuɗin da ake kashewa a kan fadar. Guna-gunin ya ƙaru bayan da Faransa ta kawar da sarkinta a 1870.

Lamarin ya sauya ne a ƙarshen 1871, lokacin da babban ɗanta, Yarima Edward, ya kamu da zazzaɓin taifot har aka fid da rai. Da ya samu sauƙi, Sarauniyar ta ratsa titunan Landan a keken doki zuwa taron addu'ar godiya a majami'ar St Paul a watan Fabrairun 1872, jama'a suka yi dafifi domin ganinta. Daga nan kiran soke sarautar ya lafa.

Bukukuwan cika shekaru

A 1877 aka ayyana ta a matsayin Sarauniyar Indiya, sannan a 1887 aka yi bikin cikarta shekaru 50 a kan gado.

A shekarar ce aka kawo mata wani hadimi Musulmi daga birnin Agra na Indiya mai suna Abdul Karim, wanda ya koya mata harshen Urdu, ya kuma samu kusancin da bai yi wa fadawa da iyalanta daɗi ba.

Bikin da ya fi kowanne girma shi ne na cika shekaru 60, ranar 22 ga watan Yunin 1897. An tattaro dakaru daga sassan daular Birtaniya, ciki har da sojoji Hausawa daga Afirka ta Yamma, suka yi jerin gwano a Landan. Da yake tsufa ya hana ta hawa matakalar St Paul, a ƙofar majami'ar aka yi addu'o'in, tana zaune cikin kekenta.

Daular da aka yi wa wannan biki ba ta daina faɗaɗa ba. Da sunan Sarauniyar ne Frederick Lugard ya kafa tutar Birtaniya a Lokoja ranar 1 ga watan Janairun 1900, ko da yake Kano da Sakkwato ba su faɗa hannun Turawa ba sai a 1903, bayan rasuwarta.

Rasuwa

Sarauniya Victoria ta rasu a gidanta na Osborne ranar 22 ga watan Janairun 1901 tana da shekaru 81, bayan ta yi aiki da Firayim Ministoci goma. Ɗanta ya gaje ta da sunan Edward na Bakwai.

Ta bar wasiyyar a yi mata jana'iza irin ta soja. A Windsor aka samu matsala da dawakin da za su ja keken igwar da ke ɗauke da akwatin gawarta, sai sojojin ruwa suka kama igiya suka ja shi da hannu. Haka aka ci gaba da yi wa sarakunan da suka biyo baya, har zuwa jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2022.

An binne ta kusa da mijinta a Frogmore da ke Windsor. Babu wanda ya zarce ta daɗewa a kan gadon sarautar Birtaniya sai Elizabeth ta Biyu, a shekarar 2015.