Mikha'il Tsvet, masanin tsirrai da ya raba launin ganye da garin alli

An haifi Mikha'il Tsvet a garin Asti na ƙasar Italiya ranar 14 ga Mayu, 1872. Mahaifinsa ɗan Rasha ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana jariri. A Suwizalan ya tashi, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Jeniba a 1896. Da ya tafi Rasha, hukumomi suka ƙi amincewa da takardunsa, dole ya sake neman digiri.

A birnin Warsaw ya yi aikin da ake tuna shi da shi. Yakan cika siririn bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganyen da ya jiƙa a wani ruwa da ake tacewa daga fetur, sannan ya ƙara zuba ruwan tacewar a kai. Kowane sinadari yana da irin ƙarfin da yake manne wa allin, saboda haka wani ya yi gaba, wani ya tsaya a baya, har launuka suka jeru hawa-hawa, kore iri biyu da rawaya iri-iri. Ya bayyana hanyar a 1903, a 1906 kuma ya raɗa mata suna kromatografi, wato rubutu da launi. Abin sha'awa, sunansa ma a harshen Rashanci launi yake nufi.

Manyan masana sinadarai na zamaninsa ba su ɗauke shi da daraja ba. Richard Willstätter na Jamus ya gwada hanyar da wani garin da ya ɓata sinadarin koren ganyen, sai ya yi watsi da ita, kuma maganarsa ta fi ta Tsvet nauyi. Yaƙin Duniya na Farko ya kore shi daga Warsaw, ya sake korar sa daga Tartu inda ya zama farfesa a 1917. Ya rasu a Voronezh ranar 26 ga Yuni, 1919, yana da shekara 47. Sai a 1931 Richard Kuhn da abokan aikinsa suka farfaɗo da hanyar a Heidelberg.

A yau na'ura ce ke lura da abin da ke fitowa daga bututun, manhajar kwamfuta kuma ta zana shi a matsayin layi mai tudu-tudu. Inda layin ya fara hawa da sauri, nan manhajar ke ɗauka tudu ya fara. Lokacin fitowarsa ke nuna wane sinadari ne, faɗin filin da ke ƙarƙashinsa kuma ke nuna yawansa. Idan aka shata layin tushe ba daidai ba, lissafin ya karkace, shi ya sa gwani ke sake dubawa.

Da irin wannan gwaji ake auna ragowar maganin ƙwari a jikin amfanin gona, matsalar da ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wannan kuwa ya shafi duk manomin da ke zuba wa buhunsa magani, daga Dogon Daji har Kebbe.