Labarin Likita Robat Kok, Mai Ƙirga Abin Da Ido Ba Ya Gani

An haifi Robat Kok a ƙasar Jamus cikin shekarar 1843. Da ya ƙare koyon aikin likita aka ba shi wani ɗan gari, Wolshitain, ya riƙa duba marasa lafiya. A nan, cikin ɗakinsa, da madubin nan mai ƙara girman abu, ya tabbatar a 1876 cewa wata ƙwaya ce mai rai ke kawo wa dabbobi cutar saifa. Saboda haka aka kira shi Barlin a 1880.

To, abin da ya dami masana a zamanin nan shi ne, in an zuba ƙwayoyin bakteriya cikin romo sai iri-iri su cakuɗe, ba a san wannan daga wancan ba. Kok ya ga in ya yanka dankalin Turawa ya ajiye, kowace ƙwaya sai ta tsaya inda ta faɗi, ta hayayyafa har ta zama ɗigo. Ɗigo ɗaya, zuriyar ƙwaya ɗaya. Sai ya koma daskarar da romon a faranti. Danƙon da ya fara da shi yakan narke da zafi, har matar wani abokin aikinsa, Fani Hese, ta kawo shawarar a yi da na ciyawar teku, wanda ta sani tun daga madafa. Mu a ganinmu ba a yaba mata yadda ya kamata ba.

A 1892 kwalara ta faɗa wa birnin Hambug, ta kashe mutum fiye da 8,000. Maƙwabciyarta Altona kuwa, wadda ke shan kogin nan na Elbe bayan Hambug ta zuba masa ƙazantarta, sai ta tsira da sauƙi, don ita tana tace ruwanta da rairayi. Kok ya kafa ƙa'ida, ruwan da aka tace kada ya ba da ɗigo fiye da 100 a mililita ɗaya. Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi kyau ba: maganin tarin fuka da ya fito da shi a 1890 bai warkar ba. Duk da haka ya sami kyautar Nobel a 1905. Ya rasu a 1910.

Bayan rasuwarsa da shekara 4, a Manchesta ta Ingila, aka gane in ana hura iska cikin ruwan najasa, lakar da ke kwantawa cike take da bakteriya masu cinye ƙazanta, sai a riƙa mayar da ita cikin sabon ruwa. Masu son sanin iri nawa ke cikin lakar nan da farantin Kok suka fara. Amma kaɗan ne daga cikinsu ke yarda su tsiro a faranti. Sauran, iri dubbai, sai da aka koyi karanta ƙwayoyin gadonsu kafin aka san da su.