Gregor Mendel, Mai Binciken Garin Fure

Mai dabino a Dutse ya sani namijin dabino ba ya yin 'ya'ya. Amma in garin furensa bai kai ga macen ba, ita ma ba za ta ba da na kirki ba. Ga labarin mutumin da ya fara gane yadda gādo ya ke bi ta wannan gari.

An haifi Mendel cikin shekara ta 1822 a ƙasar Ostiriya, ɗan talaka manomi. Sa'ad da kuɗin makaranta ya gagara, ƙanwarsa ta ba shi daga abin da aka ajiye domin aurenta. Cikin 1843 ya shiga gidan masu ibada na Katolika a birnin Brno, daga baya ya zama Fada. Sau biyu ya shiga jarrabawar malanta, sau biyu kuwa bai ci ba.

Ya koma lambu. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wani irin wake na Turai wajen 28,000. Ya kan ɗebi garin wannan fure da hannunsa, ya sa wa wancan, ya ƙidaya abin da ya fito. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka dogaye ne. Cikin jikoki kuwa gajere ya sāke fitowa, ɗaya cikin huɗu. Ashe halin iyaye ba ya narkewa, ɓuya ya ke yi. Ya kuma nuna ƙwayar gari guda ɗaya ta isa ta ba da iri.

An buga aikinsa cikin 1866, amma masana ba su kula ba. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 1884. Sai cikin 1900 waɗansu masana uku suka ga gaskiyarsa.

Yanzu an gane cewa kowace ƙwayar gari tana ɗauke da wani saƙo daga ƙwayoyin gādo, wanda a ke kira RNA. Akwai waɗansu furotin masu riƙe saƙon, suna tsaronsa har ƙwayar ta sauka kan furen mace, ta tsiro. In ƙwayoyin gādon da ke yin masu tsaron nan suka lalace, garin ya kan zama na banza.

Ya mai karatu, ka fāɗi jarrabawa? Ko kuwa kana aiki ba mai yabo? Ka tuna da Mendel, gama bai ga girbinsa ba, amma bai bar shuka ba.