Sarki Alfred na Ingila: Ƙaddara a Ƙarƙashin Ikon Allah

An haifi Alfred a shekara ta 849 a Wantej, kudancin Ingila. Shi ne auta cikin 'ya'yan sarki maza, ba wanda ya zaci sarauta za ta iso gare shi. Amma yayyensa suka rasu ɗaya bayan ɗaya, ya hau gadon sarautar Weseks a 871, sa'ad da mayaƙan Denmak, masu bautar gumaka, suke cin ƙasashen Ingila da yaƙi.

Cikin Janairu 878 suka auka masa ba zato. Ya tsere da mutane kaɗan, ya ɓuya a fadamar Atelni. Da watan Mayu ya kama, ya tara jama'arsa, ya ci nasara a Edinton. Bai kashe Gutrum, shugaban magabtan ba. Aka yi wa Gutrum baftisma, Alfred kansa ya tsaya masa a matsayin uba.

Kakannin Ingilishi sun gaskata da wani iko da suke kira wird, wato ƙaddarar da ba ta da tausayi, wadda jarumi ma ba ya tsere mata. Amsar bangaskiyar Kirista ta fito fili cikin wani littafi da aka juya daga Latin zuwa tsohon Ingilishi, juyin da aka daɗe ana danganta shi ga Alfred. Marubucinsa na asali Bowetiyus ne, babban hakimin Roma, wanda ya rubuta shi a kurkuku kafin a kashe shi wajen 524. Juyin ya koyar cewa abin da mutane suke kira ƙaddara shirin Allah ne yake cika a kan lokacinsa. Ya ba da misalin ƙafar keken shanu: Allah kamar sandan da ƙafar take juyawa a kai ne, ba ya jijjiguwa. Wanda ya kusance shi yana tafiya cikin natsuwa, wanda ya yi nisa kuwa, kamar bakin ƙafar, shi ne yake shan karo da duwatsu.

Alfred ya yi fama da ciwo yawancin rayuwarsa, duk da haka ya gina garuruwa masu ganuwa, ya tsara dokoki, ya farfaɗo da karatu. Ya rasu ranar 26 ga Oktoba, 899.

Iyaye, idan wahala ta shigo gida, kada mu koya wa 'ya'yanmu naɗe hannu da sunan ƙaddara. Mu koya musu kusantar Ubangiji cikin addu'a, sa'an nan su tashi su yi aiki.