John Harrison, Kafintan da Ya Ceci Matuƙan Jirgin Ruwa

A darasin labarin ƙasa mun ga layukan da aka zana a jikin taswirar duniya. Na kwance su ne latitud, suna nuna nisan wuri arewa ko kudu da layin Ikwaita. Na tsaye kuma su ne longitud, suna nuna nisansa gabas ko yamma. Yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan layukan tsaye.

An haifi John Harrison a ƙasar Ingila a shekarar 1693. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma kafinta ya tashi. Bai yi karatu mai zurfi ba, da kansa ya koyi haɗa agogo. Yana ɗan shekara 20 ya ƙera agogonsa na farko, kusan duk kayan cikinsa na katako ne.

A zamaninsa matuƙan jirgin ruwa suna gane latitud ta hanyar auna tsayin rana da tsakar rana. Longitud ne ya gagare su, shi ya sa jirage suke ɓacewa. A 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka daki duwatsu a tsibiran Scilly, mutum fiye da 1,400 suka halaka. A 1714 majalisar ƙasar ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya samo mafita.

Ashe maganin yana jikin agogo. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. Idan rana ta take tsaka a inda jirgi yake, agogon da aka saita a gida kuma ya nuna ƙarfe 2 na rana, to jirgin yana digiri 30 yamma da gida. Matsalar ita ce agogon wancan lokaci mai lilo ne. Tangal-tangal na jirgi yana rikita shi, zafi da sanyi kuma suna sa ya yi gudu ko ya yi nawa.

Harrison ya gama agogon teku na farko a 1735, aka gwada shi a tafiya zuwa Lisbon. Bai gamsu ba, ya yi na biyu. Na uku kaɗai ya ci masa shekara 19. A 1759 ya kammala na huɗu, ƙarami, faɗinsa kamar santimita 13. A 1761 ɗansa William ya tafi da shi Jamaika, da suka isa sai aka ga daƙiƙa 5 kacal ya yi latti.

Duk da haka kwamitin ladan ya yi ta jan ƙafa. Wasu masana taurari sun fi son a riƙa auna wata, suna ganin sa'a ce kawai agogon ya yi. An sake gwaji zuwa Barbados a 1764, ya sake cin nasara, amma rabin kuɗin aka ba shi. Sai da Sarki George na Uku ya sa baki, sannan majalisa ta ƙara masa fam 8,750 a 1773, yana da shekara 80. Ya rasu a Landan a 1776. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Agogunansa huɗu suna nan a Girinwic, wurin da aka amince a 1884 ya zama digiri 0 na longitud. Wannan layi ya ratsa ƙasar Ghana, mu kuma muna gabas da shi, shi ya sa agogon Najeriya yake gaba da nasu da awa ɗaya. Ga tambayarmu ta wannan mako: idan ƙarfe 12 ne na rana a Girinwic, ƙarfe nawa ne a garin da ke digiri 45 gabas? A kawo amsa ga 'yan ƙungiyarmu kafin Juma'a.